Satar sirrin makamai tsakanin ƙasashe: abin da ɓarawo ke samu da abin da ba ya samu

Satar sirrin makami ita ce wata ƙasa ta samo ilimin ƙera kayan yaƙin wata ba da yardarta ba. Wani lokaci ta hannun ɗan leƙen asiri ake samu. Wani lokaci jirgi ko makami ne ke faɗawa hannun abokan gaba, su kwance shi gunduwa-gunduwa su kwaikwaya. Akwai kuma lokacin da ake ɗauke mutumin da ya san aikin ɗungurungum, har da iyalinsa. A shekarun baya-bayan nan kutse cikin kwamfuta ya shigo sahu. Babu babbar ƙasar da hannunta ke da tsabta a wannan fage: wadda ke kukan an yi mata sata yau, in an duba tarihinta za a tarar ita ma ta taɓa yi wa wata.

Abin da ake gani a kai a kai cikin wannan tarihi shi ne sirrin makami ba ya daɗewa a hannun mai shi, amma kuma abin da satar ke ba ɓarawo shi ne lokaci kawai. Tana rage masa shekarun laluben hanya. Masana'anta da ma'adinai da kuɗi da ƙwararrun da za su mayar da zane ya zama ƙarfe, waɗannan ba sa shiga jaka.

Zamanin da

Sirrin yaƙi mafi shahara a tsohon tarihi shi ne wutar Rumawa, wani ruwa mai ci da wuta wanda daular Rumawan Gabas take fesawa daga jiragen ruwanta, yana ci ko a bisa ruwan teku. An ce wani maƙeri mai suna Kallinikos, wanda ya gudo daga ƙasar Sham, shi ya kawo shi birnin Ƙusɗanɗiniyya, wato Santambul ta yau, wajen shekara ta 672. Sarakunan birnin sun riƙe sirrin a hannun mutane ƙalilan. A ƙarni na 10 Sarki Kustantin na Bakwai ya gargaɗi ɗansa a rubuce da kada ya ba wata al'umma shi, komai roƙon da ta yi. A shekara ta 812 mutanen Bulgeriya sun kama bututan fesawa 36 tare da ruwan da kansa, amma babu labarin sun taɓa amfani da su, don mai ruwa da bututu bai zama lalle ya san yadda ake ɗumama shi a hura shi ba. Sirrin ya ɓoyu ƙwarai, har ya ɓace wa masu shi. Yau babu wanda ya san haɗin daidai.

Birnin da ya iya ɓoye wuta bai iya riƙe maƙeri ba. A 1452 wani mai zuba igwa da ake kira Orban ya kai kansa ga sarkin Rumawa, sarkin ya kasa biyansa, sai ya wuce wurin Sarkin Musulmin Turkawa Muhammadu na Biyu. Manyan igwogin da ya zuba suna cikin abin da ya ragargaza ganuwar birnin kafin faɗuwarsa ranar 29 ga Mayu, 1453. Haka ilimin bindiga ya riƙa yawo a ƙafar mutane. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno ya kawo ƴan bindiga Turkawa suka horar da mayaƙansa, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta.

Turawan mulkin mallaka sun san darajar wannan rata. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ya haɗa har da ƙasar Hausa, ta bar musu bindigar toka. Maƙeran Samori Ture sun amsa da kwaikwayon bindigogin Faransa da suka faɗo hannunsu, kuma sun iya. Sai dai abin da hannu da guduma ke fitarwa a mako ba ya kusa da abin da masana'anta ke fitarwa a yini. Faransawa suka kama Samori a 1898.

Ganimar yaƙin duniya na biyu

A 1944 jiragen Amurka uku samfurin B-29, waɗanda suka sami matsala bayan sun kai hari kan Japanawa, suka sauka lafiya kusa da Baladibostok a gabashin Tarayyar Sobiyet. A lokacin Masko tana da yarjejeniyar ƴan ba-ruwanmu da Japan, sai ta fake da ita ta riƙe jiragen. Stalin ba shi da jirgi mai cin dogon zango irin wannan. Ya umarci injiniya Andrei Tupolev ya kwafe shi kamar yadda yake, kada ya canza komai.

Aikin ya fi yadda ake zato wuya. Amurkawa da inci suke awo, Rashawa da milimita, saboda haka ko kaurin falankin alminiyon jikin jirgin babu irinsa a masana'antun Rasha. Sai da aka sake lissafin kowane yanki, aka sa masana'antu da cibiyoyin bincike ɗaruruwa suka koyi yin roba da waya da na'urorin da ba su taɓa yi ba. Ranar 3 ga Agusta, 1947, a bikin jiragen sama a Masko, baƙi suka ga jirage uku masu kama da B-29 sun wuce, suka ɗauka waɗancan ne aka gyara. Da na huɗu ya biyo baya aka gane Rasha ta fara ƙera nata. An sa masa suna Tu-4, an kuma ƙera 847.

Ganimar da ta fi jirgi tsada ita ce mutane. Da Jamus ta faɗi, Amurka ta kwashi masana da injiniyoyi kimanin 1,600, cikinsu har da Wernher von Braun mai rokar V-2, ta kau da kai daga abin da wasunsu suka aikata a ƙarƙashin Hitila. Rasha kuma a dare ɗaya, 22 ga Oktoba, 1946, ta loda ƙwararru sama da 2,000 da iyalansu a jiragen ƙasa ta yi gabas da su. Faransa ba ta zauna ba: ta zaunar da nata Jamusawan a garin Vernon suna aikin roka, wasu kuma suka zana injin Atar wanda daga baya ya ɗaga jiragen Mirage.

Wani abin ma ba sai an sata ba. A 1946 gwamnatin Birtaniya ta yarda a sayar wa Masko injinan jirgi samfurin Nene na kamfanin Rolls-Royce. Rashawa suka kwafe su ba lasisi, suka ɗora a kan MiG-15, wanda bayan shekara huɗu ya fito yana kakkaɓo jiragen Amurka da ƙawayenta a yaƙin Koriya.

Bam ɗin atom

Babu sirrin da aka taɓa kashe wa kuɗin tsaro kamar shirin Manhattan, wanda Amurka ta kafa a 1942 don ƙera bam ɗin atom. Ya ci kusan dala biliyan 2 na wancan zamani, ya ɗauki ma'aikata wajen 130,000 a ganiyarsa. Janar Leslie Groves, shugaban shirin, ya tsara shi yadda kowa zai san nasa ɓangaren kawai, kuma mafi yawan ma'aikatan ba su san abin da suke ƙerawa ba sai da suka ji labarin Hiroshima. Hatta mataimakin shugaban ƙasa Harry Truman ba a yi masa cikakken bayani ba sai da ya hau mulki a Afrilun 1945. Mafi yawan uraniyom ɗin farko daga Afirka ya fito, daga mahaƙar Shinkolobwe ta Katanga a Kwango, wadda ita ma aka daina ambaton sunanta a fili.

Duk da haka, a cikin Los Alamos, zuciyar shirin, akwai masu kai wa Masko rahoto. Mafi muhimmanci shi ne Klaus Fuchs, Bajamushe masanin kimiyya, ɗan kwaminis da ya gudu daga Hitila zuwa Ingila a 1933. Birtaniya ta saka shi a shirinta na atom a 1941, ta kuma tura shi Amurka cikin tawagarta. A watan Yunin 1945, kafin ma a gwada bam ɗin, ya miƙa wa ɗan aike mai suna Harry Gold bayanin bam na fulutoniyom dalla-dalla: girman ƙwayar, yadda aka jera nakiyoyin da ke matse ta ta kowane gefe a lokaci guda, da abin da ke tayar da fashewar. Akwai kuma Theodore Hall, yaro ɗan shekara 19 da ya kai kansa ga Rashawa bai san da Fuchs ba, da David Greenglass, ƙaramin soja mai aikin inji. Ba kuɗi ne ya ja Fuchs da Hall ba. Sun yi imani cewa haɗari ne ƙasa guda ta mallaki irin wannan makami ita kaɗai.

Shi ya sa da Truman ya raɗa wa Stalin a taron Potsdam, ranar 24 ga Yuli, 1945, cewa Amurka ta sami wani sabon makami mai tsananin ɓarna, Stalin bai nuna mamaki ba.

Groves ya yi hasashen Rasha za ta yi shekara ashirin kafin ta kamo su. Shekara huɗu ta yi. Ranar 29 ga Agusta, 1949, ta gwada bam ɗinta na farko a Semipalatinsk, a Kazakistan ta yau. Masko ba ta sanar ba. Jirgin Amurka mai shaƙar iska ne ya tsinto ƙurar fashewar a sararin tekun Fasifik, Truman ya shaida wa duniya ranar 23 ga Satumba. A 1992 Yuli Khariton, babban mai zanen bam ɗin, ya tabbatar da bakinsa cewa kwafin na Amurka ne. Masanan Rasha suna da nasu zanen, amma Beria, shugaban ƴan sandan ciki da Stalin ya ɗora kan shirin, yana son abin da aka riga aka ga ya fashe, kuma kowa ya san makomar wanda gwajinsa ya ƙi. Nasu zanen da suka gwada a 1951 ya fi na farkon sauƙin nauyi, ya kuma kusan ninka shi ƙarfi.

To nawa satar ta rage musu? Yawancin masana tarihi suna cewa shekara ɗaya zuwa biyu. Abin da ya fi jinkirta Rasha uraniyom ne. A 1945 kusan ba ta da shi. Sai da ta tsinci sama da tan 100 da Jamusawa suka ɓoye, ta buɗe mahaƙai a Jamus ta Gabas da Cekoslobakiya, ta gina garuruwan sirri da gumin fursunoni, a ƙasar da yaƙi ya kashe wa mutum sama da miliyan 20. Sannan wani babban ɓangare na ilimin Amurka da kanta ta buga shi: kwana uku bayan Nagasaki ta fitar da rahoton Smyth, wanda ya bayyana hanyoyin da aka bi da waɗanda suka yi aiki, aka fassara shi da Rashanci cikin ƴan watanni. Sirri mafi girma, wato cewa abin yana yiwuwa, ya riga ya tonu a Hiroshima.

Ƴan leƙen asirin sun tonu ne ta hanyar saƙonnin Masko da Amurkawa suka daɗe suna warwarewa a wani shiri mai suna Venona. Fuchs ya amsa laifi a Janairun 1950, kotun Ingila ta ɗaure shi shekara 14, ya fito a 1959 ya koma Jamus ta Gabas. Julius Rosenberg da matarsa Ethel, ƴar'uwar Greenglass, waɗanda abin da ya bi ta hannunsu bai kai rabin na Fuchs daraja ba, su aka kashe a kujerar lantarki ranar 19 ga Yuni, 1953. Hall ba a taɓa gurfanar da shi ba, don yin haka zai fallasa Venona.

Ƙawaye ma ba su tsira daga rowar ba. Dokar Amurka ta 1946 ta toshe wa Birtaniya bayanan da masananta suka taya samarwa, sai ta yi nata gwajin a 1952. Faransa ta yi nata ranar 13 ga Fabrairu, 1960, kusa da Reggane a Saharar Aljeriya, iska ta ɗebo ƙurar ta yi kudu da ita. Gana ta rufe kadarorin Faransa, Najeriya kuma ta kori jakadanta a Janairun 1961 bayan gwaji na uku. Sin ta fara da taimakon Masko. Da Khrushchev ya janye alkawarin ba ta samfurin bam a Yunin 1959, ta ci gaba ita kaɗai ta gwada nata ranar 16 ga Oktoba, 1964.

Yaƙin cacar baka: makami a baro, jirgi a akwati

Ranar 24 ga Satumba, 1958, jiragen Taiwan suka harbi jiragen Sin da sabon makami mai linzami na Amurka, Sidewinder, mai bin zafin injin jirgi. Ɗaya ya soki jikin wani MiG-17 bai fashe ba, matuƙin ya koma gida da shi a maƙale. Daga baya ya isa Masko, kuma cikin shekara uku Rasha ta fito da kwafinsa, K-13. A 1967 wani ɗan Jamus ta Yamma mai yi wa Rasha aiki, Manfred Ramminger, ya shiga sansanin jiragen Neuburg da dare tare da abokansa biyu, suka turo wani Sidewinder a baro. Bai shiga mota ba sai da suka fasa gilashin baya, suka naɗe kan da ya leƙo da darduma. Ya kwance shi a gida ya aika Masko a matsayin kaya ta jirgin sama.

Ɗaya ɓangaren ya fi dogara ga matuƙa masu gudu. A Agustan 1966 hukumar leƙen asirin Isra'ila ta shawo kan wani matuƙin Iraƙi, Munir Redfa, ya sauka da MiG-21 a ƙasarta, daga baya aka ba Amurka aronsa. Ranar 6 ga Satumba, 1976, Laftanar Viktor Belenko ya sauka da MiG-25 a Hakodate ta Japan. Wannan jirgi ya shekara da shekaru yana hana hafsoshin Amurka barci. Da aka kwance shi aka tarar mafi yawan jikinsa baƙin ƙarfe ne mai nauyi, yana da gudu amma ba shi da saurin juyawa. Bayan kwana 67 aka mayar wa Masko kayanta a cikin akwatuna. Wani lokaci abin da ƙasa ke ɓoyewa raunin makaminta ne.

Irin wannan farauta ta zo har bakin ƙofarmu. A Maris na 1987 dakarun Cadi suka ƙwace sansanin Wadi Dum daga hannun Libiya, suka tarar da tarin kayan Rasha: tankoki, na'urorin rada, makamai masu kakkaɓo jirgi. Ƙwararrun Faransa da na Amurka suka yi ta zuwa kallo. A Yunin 1988, da amincewar gwamnatin Hissène Habré, manyan jirage masu saukar ungulu na sojan Amurka suka je da dare suka ratayo wani jirgin yaƙi mai saukar ungulu samfurin Mi-25, suka kawo shi Injamena, tafiyar kimanin kilomita 800 a kan hamada, daga nan aka wuce da shi Amurka.

Faransa a ɓangarorin biyu

A 1967 Janar De Gaulle ya hana kai wa Isra'ila makamai, har da jiragen Mirage 5 guda 50 da ta yi oda. Wani injiniyan kamfanin Sulzer na Switzalan, inda ake ƙera injin Mirage da lasisi, mai suna Alfred Frauenknecht, ya riƙa karkatar da akwatunan zane da aka ba shi ya ƙona, yana ƙona tsofaffin jaridu a madadinsu. An kama shi a 1969 bayan mafi yawan takardun sun fice, aka ɗaure shi shekara huɗu da rabi. Isra'ila ta fito da jirgin Nesher, sannan Kfir. Wasu masu bincike na ganin labarin satar ya taimaka wajen rufe taimakon da aka ci gaba da bayarwa ta bayan gida daga Faransa. A daren Kirsimeti na 1969 kuma jiragen ruwan yaƙi biyar da takunkumin ya riƙe suka sulale daga tashar Cherbourg zuwa Haifa.

Faransa ce kuma ta tona girman satar da Rasha ke yi. Daga 1981 zuwa 1982 wani jami'in KGB, Vladimir Vetrov, wanda hukumar DST ta laƙaba wa suna Farewell, ya ba ta takardu kusan 4,000. Sun nuna akwai kwamiti a Masko da ke karɓar jerin buƙatun masana'antun soja kowace shekara, ya raba wa ƴan leƙen asiri kamar mai aiken kasuwa. Mitterrand ya shaida wa Reagan a taron Ottawa na Yulin 1981, kuma a Afrilun 1983 Faransa ta kori jami'an Sobiyet 47. An harbe Vetrov a 1985. Takardun sun nuna wani abu da ya wuce sunaye: ƙasar da ta saba da kwafi, musamman a fannin kwamfuta, kullum tana bayan wanda take kwafa da ƴan shekaru.

Abdulƙadir Khan da uraniyom ɗin Nijar

Uraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit, ko a ko'ina, ba ya yin bam kai tsaye. Nau'in da ke fashewa kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na ma'adinin, bam kuwa yana son kusan kashi 90. Ana tace shi ne a cikin dubban bututai masu juyawa da gudun da ya zarce na sauti, kuma ƙera bututun da zai jure wannan juyi bai tarwatse ba shi ne ainihin sirrin.

Abdulƙadir Khan, masanin ƙarafa ɗan Pakistan, ya fara aiki a 1972 a wani ɗakin bincike na Amsterdam da ke yi wa kamfanin Urenco aiki, kamfanin tace uraniyom na haɗin gwiwar Holan da Birtaniya da Jamus. Bayan Indiya ta yi gwajinta a Mayun 1974 ya rubuta wa Firaminista Zulfikar Ali Bhutto yana tayin taimako. A Disamban 1975 ya tafi hutu gida bai dawo ba. Ya tafi da zanen bututan, ya kuma tafi da abin da ya fi zanen amfani: sunayen kamfanonin Turai masu ƙera kowane yanki. Pakistan ta riƙa sayen sassan ɗaya bayan ɗaya ta hannun kamfanonin bogi. Kotun Holan ta yanke masa shekara huɗu a bayan idonsa a 1983, aka soke hukuncin a 1985 saboda sammacin bai isa gare shi ta hanyar doka ba. Pakistan ta yi gwajinta a fili ranar 28 ga Mayu, 1998.

Daga nan ɓarawon ya zama dillali. Ya sayar wa Iran da Koriya ta Arewa da Libiya. Ya kuma saba da yankin Sahel, har yana da otal a Tumbuktu. A Oktoban 2003 aka tare wani jirgin ruwa mai suna BBC China a hanyarsa ta zuwa Libiya ɗauke da sassan bututan da aka ƙera a Malesiya. Ranar 19 ga Disamba Kanar Gaddafi ya sanar da ajiye shirinsa, ranar 4 ga Fabrairu, 2004, Khan ya amsa laifi a talabijin, washegari Janar Musharraf ya yafe masa.

Libiya ita ce misalin da ya fi fito da iyakar sata. Tana da kuɗin mai. Tana da garin uraniyom sama da tan 2,000 da ta sayo daga Nijar tsakanin 1978 da 1981. Tana da bututai, har da zanen kan bam da aka miƙa wa masu bincike a cikin jakar wani tela na Islamabad. Amma da jami'an hukumar makamashin nukiliya ta duniya suka shiga, sun tarar mafi yawan kayan suna cikin akwatunansu ba a ko buɗe ba. Ba ta da isassun mutanen da za su haɗa su.

Inda ake cinikin sirri, ana cinikin jabunsa. A 2002 wasu takardu suka ɓullo ta Italiya suna cewa Nijar ta yarda ta sayar wa Iraƙi tan 500 na uraniyom. Tsohon jakadan Amurka Joseph Wilson, wanda aka aiko Yamai a Fabrairun shekarar, ya koma ya ce da wuya hakan ta faru, ganin yadda kamfanonin haƙar ke ƙarƙashin idon Faransa. Duk da haka Shugaba Bush ya ambaci uraniyom daga Afirka a jawabinsa na 28 ga Janairu, 2003. Ranar 7 ga Maris Mohamed ElBaradei ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoban 2000 tana ɗauke da sa hannun Allélé Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Ƙasa da mako biyu bayan haka aka fara yaƙin Iraƙi.

Zamanin kwamfuta

Abin da Frauenknecht ya shekara yana jigila a akwatuna, yau ana kwashe shi a dare ɗaya ta intanet. A 2016 wani ɗan kasuwar Sin, Su Bin, ya amsa a kotun Amurka cewa ya taimaka wa masu kutse suka kwashi bayanan jiragen C-17 da F-22 da F-35, aka ɗaure shi wata 46. Gwamnatin Sin tana musanta hannu a irin wannan aiki, tana kuma nuna cewa Amurka ma na kutsawa cikin nata kwamfutocin. A shekarar ce wata jaridar Ostireliya ta sami shafuka sama da 22,000 na bayanan jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa samfurin Scorpène da Faransa ta zana wa Indiya.

Sai dai makaman yau sun fi na 1945 wuyar kwafa. Sin ta karɓi lasisin ƙera Su-27 daga Rasha a 1996, daga baya ta fito da J-11B, abin da ya sa Masko ta yi ƙorafin an kwafe mata. Amma ta shafe shekaru masu yawa tana ci gaba da sayen injin daga Rasha, don fukafukan da ke juyawa cikin wutar injin suna buƙatar wani irin zubin ƙarfe da ba a koyonsa daga zane, sai da gwaji da asara na tsawon lokaci.

Abin da ke yaɗuwa da sauri yanzu shi ne makami mai araha. Iran ta kama jirgin Amurka maras matuƙi samfurin RQ-170 a Disamban 2011, ta ce ta kwaikwayi wasu jiragenta daga gare shi. Nata Shahed-136, wanda masu bincike suka tarar cike yake da sassan lantarki na kamfanonin Yamma da ake saya a kasuwa, Rasha na ƙera shi a Tatarstan da sunan Geran-2 tana harba wa Yukiren. A 2025 sojojin Amurka suka bayyana nasu jirgin mai araha, LUCAS, wanda aka zana bayan an kwance wani Shahed da ya faɗo hannunsu.